Jiƙaƙƙen Bulo A Bangon Siton Mata

Ranar Talata da hantsi aka buɗe siton ƙungiyar mata na Unguwar Ɗorawa za a fara rabon irin masara, don hadari ya soma leƙowa ta gabas. Aka janye layin buhunan gaba, aka janye na biyu, sai ga fili fetal har jikin bango. Buhu goma sha biyu babu su babu alamarsu. Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, ƙofar ƙarfe ba a taɓa ta ba, kwanon rufi ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba. Makulli kuwa ɗaya ne tak, shekara biyu yana ƙulle a bakin zanen Inna Tasalla.

Ina sharar gona aka aiko mini. Bin sawu na gada wurin mahaifina Buba, kuma tun da ya rasu, in saniya ko akuya ta ɓata tsakanin nan da Ƙarfi, ni ake kira. Ban taɓa bin sawun masara ba, amma na ajiye manjagara na tafi.

Na tarar gari ya taru a ƙofar siton. Isah, shugaban 'yan sintirinmu, yana tsaye da wofin buhu a hannu yana kaɗa shi. Kowa ya san ma'anar buhun nan. A garinmu wanda aka kama da satar hatsi, buhu ake kifa masa a ka ranar Juma'a, a zaga da shi kasuwa ana yi masa ihu, sannan a raka shi bakin hanya kada ya ƙara kwana a garin.

"Yauwa, ga Awaisu ɗan Buba," in ji Isah. "Zo ka cika mana ƙa'ida, ko da yake abin a fili yake. Sawun wa ke bakin ƙofar nan?"

Na sunkuya na duba. Mutum ya fi hamsin sun tattake wurin.

"Sawun garin nan ne kaf, Yaya Isah. Har da naka. Takalminka na hagu ya cinye ta gefe, ya kamata ka kai shi ɗinki."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba.

Kawu Shitu, babban maginin garinmu, yana jingine da kekensa. Shi ne ya rantse tun da daɗewa hannunsa ba zai taɓa bulon da aka gina siton da shi ba, wani bulo mara nauyi da ake kwaɓawa da kumfa, wanda ya sa wa suna burodin siminti. Ya gyara hula ya ce, "To jama'a, bango lafiya, ƙofa lafiya, rufi lafiya. Me ya rage? Ai makulli."

Duk ido ya koma kan Inna Tasalla. Dattijuwa ce mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu da jimawa, 'yarta ɗaya tana aure a Funtua. Tana zaune bisa dutse ta miƙe ƙafa kamar ba da ita ake ba.

"Ba ni makullin nan," Isah ya ce mata.

"Mata suka ba ni, mata za su karɓa. Ka ɗauro ɗankwali ka dawo mu yi magana."

"Inna, kin san abin da ke jiran ki kuwa?"

"Na sani, ga shi nan a hannunka. Ka wanke shi dai, ba na son ƙaiƙayi."

Mai Unguwa Maiwada ya ɗaga sanda aka yi shiru. Mutum ne mai son a rabu lafiya, amma surutun jama'a yana saurin ture shi. Ya dube ni ya ce, "Awaisu, daga yau zuwa safiyar Juma'a. In ka kawo wani, to. In ba ka kawo ba, al'adar gari za ta yi aikinta."

*

Na roƙi a bar ni ni kaɗai a cikin siton. Na rufo ƙofa, na zauna har idona ya saba da duhun. Akwai sanyi a ciki kamar bakin rijiya, duk da zafin da ake zubawa a waje. Saboda sanyin nan ne matan suka zaɓi bulon, don kada iri ya dahu kafin shuka.

Ƙasa ba ta gaya mini komai ba, siminti ne. Sai na bi bango da tafin hannu, kamar yadda nake bin turɓaya. Ba a yi wa ciki yaɓe ba, amma duk inda bulo ya haɗu da bulo an goge kwaɓin ya kwanta sumul. Ina cikin tafiya sai hannuna ya ci karo da kaushi. A bangon baya, daga ƙasa zuwa daidai ƙuguna, kwaɓin ya bulbulo ya daskare yadda ya fito, babu wanda ya goge shi. Wanda ya jera bulon nan daga waje yake tsaye, kuma babu kowa a ciki da zai share masa.

Na zagaya baya. An jingina karan dawa dami-dami a jikin bangon, abin da ba ya ɗaukar hankalin kowa da rani. Na janye dami huɗu. Yaɓe lafiya, farar ƙasa lafiya, launi ɗaya da sauran bangon. Sai dai wata siririyar tsaga. Ta tashi daga ƙasa ta miƙe sama sak, ta karya kwana ta yi gicciye, ta sake karyawa ta gangaro. Na zari tsinken tsintsiya na zura, ya shige. Tsagar gini da na sani tana yawo ne kamar jijiyar ganye. Wannan kuwa ƙofa ta zana.

A gindin bangon na ga abin da ya fi tsayar da ni. Masara ta tsiro, ƙwara bakwai ko takwas, ta kai tsawon ɗan yatsa, ta yi ganye uku, sannan ta yi rawaya ta bushe a tsaye. Wata biyar rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Wani ya zubar da ƙwayar masara a nan, ya kuma malala ruwa mai yawa, ba na yini ɗaya ba. Na tona saiwar na murza ganyen. Sati uku, ko da ɗan ɗori.

Na mayar da karan yadda na same su. Da na juyo, ga Isah a bayana, ya ga komai.

*

Gidan da ya fi kusa da bayan siton na Baba Uwa ne, tsohuwar da idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, Isah na biye da ni kamar inuwa.

"Baba, sati uku da suka wuce kin ga wani yana aiki a bayan sito?"

"Wane ne wannan? Ɗan Buba? Har yanzu ba ka yi aure ba, kana bin sawun awaki ka bar na 'yan mata?"

"Ke nake jira, Baba."

"Ka makara, na yi wa wani alkawari." Ta tofar da ɓawon gyaɗa. "Na gani mana. Ranar da gari ya kwashe zuwa Mahuta ɗaurin auren ɗan Mai Unguwa, aka bar ni da kaji. Mutum ɗaya ne, da amalanke da durom na ruwa. Na ce sannu da aiki, ya ɗago mini hannu, bai yi magana ba. Washegari ma na ji shi da sassafe yana watsa wa bangon ruwa, da jibin ma. Na ce yaran Levi mai bulon kumfa ne suke gyaran gininsu."

"Kin ga fuskarsa?"

"Kai da ke gabana ma da murya na gane ka."

Ranar ɗaurin auren nan Inna Tasalla tana Mahuta, ita ce kan tukunyar miya, mata ashirin za su shaida. Na faɗa wa Isah haka. Ya ce, "Sai me? Ita ta san inda buhunan suke, ita ta nuna, Levi ya fasa. Buhu biyu ke nan zan nemo."

Muna fita Baba Uwa ta ɗaga murya. "Ɗan Buba! In ka gama, ka binciko mana wani abin. Matan da ke wanki a dam sun ce sun ga dutse yana iyo. Duniya dai ta zo ƙarshe."

Na yi dariya na wuce, amma maganar ta zauna mini.

*

Levi sa'ana ne, tare muka yi kiwon tumaki kafin babansa ya tura shi Zariya koyon gini. Ya dawo da injin kumfa ya kafa rumfa bayan cocinsu. Mun same shi da mataimakinsa Abdulmutallib, magini ne shi ma, suna juye kwaɓi cikin akwatunan ƙarfe. Kwaɓin yana tashi kamar ƙullin ƙosai.

Isah bai yi sallama ba. "Bulonka ne a ramin da aka fasa, gininka ne, an ga yaranka. Ka shirya kanka ranar Juma'a."

Levi ya goge hannu a wando. "Wane rami?"

Na kwatanta masa tsagar, yadda ta miƙe ta karya kwana. Ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Isah, ka ji da kyau. Da ni na yi aikin nan, wallahi har ka tsufa ka mutu ba ka ga tsagar nan ba. Kira ni ɓarawo in ka ga dama, amma kada ka raina mini sana'a."

"Za ka maimaita da buhu a ka," in ji Isah. Ya hau babur ya tafi.

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa na ce, "Mai burodi, yi mini bayani yadda zan gane. Me ya sa da kai ne ba za ta tsage ba?"

Ya ja ni ƙarƙashin rumfa, ya ɗauko bulo ɗaya daga tarin da ke shan iska ya jefo mini. Na cafe da hannu ɗaya. Ya ɗaga wata leda ya ɗauko wani mai duhun launi ya miƙo. Wannan sai da na sa hannu biyu.

"Kwaɓi ɗaya ne, akwati ɗaya ne. Bambancin ruwa ne kawai. Karce su da farce."

Busasshen ya ƙi, sai ɗan farin layi. Ɗanyen kuwa farcena ya shige shi, gefensa ya marmashe.

"Ka ga cikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar soso, shi ya sa ba shi da nauyi, shi ya sa zafi ba ya ratsa shi. To ramukan nan suna shan ruwa. In ya sha, ƙarfinsa ya ragu, jikinsa ya ɗan buɗe. In ruwan ya fara fita sai ya tsuke. Bulon da kuka saba da shi akwai yashi mai kauri da tsakuwa da ke riƙe shi, nawa babu tsakuwa, don haka tsukewarsa ta fi yawa. Ba abin da ido zai gani a bulo ɗaya ba ne. Amma jera goma sha biyu, kowa ya ja jikinsa kaɗan, tsohon bangon da ya gama bushewa kuma ya ƙi biyo su, a ina za a rabu?"

"A inda suka haɗu."

"Ka gama makaranta. Shi ya sa nake rufe su da leda sati guda su yi ƙwari a hankali, sannan sati huɗu a inuwa suna bushewa. Kafin nan ko Alhaji wane ya zo da mota ba na sayarwa. Kuma a bushe ake jera shi, ba a tsoma shi a ruwa."

Abdulmutallib ya ce, "Ranar da na fara aiki a nan na tsoma guda ɗaya a durom, yadda aka koya mana tun muna yara don kada bulo ya shanye ruwan kwaɓi. Saura kaɗan Oga ya kore ni."

"An taɓa ɗaukar maka bulo?" na tambayi Levi.

"Da muka dawo daga Mahuta na ga goma sha biyu babu a ƙarƙashin ledar can ta bakin hanya. Kwana huɗu da zubawa. Na ce wani ne zai yi akurkin kaji, Allah ya ba shi haƙurin abin da zai gani. Ga busassu tari guda a cikin rumfa, ya tsallake su ya ɗauki mafi sauƙin kaiwa amalanke."

"Tambaya ɗaya. Busasshen yana iyo?"

"Kamar ƙwarya."

*

Ranar Laraba na tafi dam. A ɓangaren yamma, cikin ciyawar da ke bakin lambun Abdulmutallib, na sami gutsattsarin bulo shida. Wasu sun sha ruwa sun nutse rabi, wasu suna lilo a sama. Gefe ɗaya na kowanne akwai yaɓe da farar ƙasa irin ta siton. Tsoffin bulon da aka yanke daga bangon ne.

Masu wanki suka ga inda na tsamo su, kafin azahar gari ya ɗauka cewa Abdulmutallib ne. Ni ban yarda ba. Iska wata biyu tana kaɗowa daga gabas, duk abin da ke iyo a dam ɗin lambunsa yake tarawa, har silifas ɗin yara da robar ruwa. Daga gabas aka jefa su. Kuma mutumin da ya yi shekara yana ɗaukar bulon nan a kafaɗa ba zai jefa shi a ruwa don ya ɓoye shi ba. Wanda ya jefa ya ɗauka zai nutse ne kamar kowane bulo.

Magini nake nema, gwani wanda ya iya saje sabon yaɓe da tsoho har ido ya kasa rabewa, amma bai san halin bulon nan ba ko kaɗan. Zuciyata ta ambaci suna, na ce mata ta yi shiru tukuna. Zato ba sawu ba ne.

*

Alhamis da la'asar Mai Unguwa ya kira ni zaurensa. Isah yana nan.

"Awaisu, gari ya ɗauki zafi," in ji Mai Unguwa. "Matan nan irinsu ne ya tafi, ga damina a ƙofa. Ka faɗi abin da ya sauƙaƙa. Ka ce sawu ya tsaya kan mai makulli, mu kuma mu sassauta, a fitar da ita ba tare da zagayen kasuwa ba."

"Ranka ya daɗe, sawu bai tsaya kanta ba."

"To kan wa ya tsaya?"

"Bai tsaya ba tukuna."

Isah ya ce, "Ubanka ma bai yi wa gari taurin kai haka ba."

"Babana ya taɓa bin sawu kwana tara ya dawo ya ce bai sani ba. Ba a ji daɗi ba, amma ba a kori kowa a kan ƙarya ba. In kuna son wanda zai faɗi abin da kuka riga kuka yanke, ba sai kun taso ni daga gona ba."

Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Amma na miƙe ba a sallame ni ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na biya gidan Inna Tasalla. Mata biyu suna lallashinta ta hau motar Funtua tun da sauran haske, ta fake wurin 'yarta. Tana ta naɗa daddawa a ganye.

"In tafi in ce wa surukina me? Na zo hutu? A ɗakin nan na haihu, a nan aka yi wa mijina wanka. Gobe zan sa zanena mai kyau in zauna inda na zauna ranar Talata." Ta dube ni. "Kai kuma ka ci abinci? Ka rame kamar kai za a kifa wa buhun."

Ta zuba mini tuwo, na ci.

*

Safiyar Juma'a, bayan na dawo masallaci, na kishingiɗa a ɗakina ina tunanin abin da zan faɗa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a jikin bango a karkace. A cikin hasken na ga wani siririn layi a yaɓen, yana bin duk inda cokalin magini ya bi, kamar an ja gashi ɗaya a kan laka. Shekara uku ina kwana a ɗakin nan ban lura ba. Na tashi na shafa. Yatsana ya san layin nan, ya taɓa shi ranar Talata ƙarƙashin farar ƙasa a bayan sito.

Kawu Shitu ne ya gina mini ɗakin, kuma ranar da ya gama ya ƙi karɓar komai, ya ce Buba abokinsa ne. Na daɗe zaune a bakin gado kafin na sa takalmi.

*

Jama'a ta fi ta Talata. Inna Tasalla na bisa dutsenta da zane mai kyau. Isah na riƙe da buhu biyu. Na roƙi a koma bayan siton, na sa aka kawo yashi da siminti, da durom na ruwa, da busassun bulo uku daga rumfar Levi.

Na janye karan, na bi tsagar da tsinke kowa yana kallo har ƙofar ta fito. Na nuna busasshiyar masarar. Manoma ne duka, ba sai na faɗa musu kwananta ba. Levi ya sa ƙafa ya tura tsakiyar, bulon suka faɗa ciki gaba ɗaya. Mata suka ɗauki salati.

"Magini ya yi aikin nan," na ce. "Magina uku gare mu. Ranka ya daɗe, ina roƙon kowannensu ya jera bulo ɗaya a ramin nan ya shafa masa yaɓe, in ga hannunsa."

"Ni na rantse ba na taɓa burodi," in ji Kawu Shitu.

"Shitu, yau kowa zai taɓa," Mai Unguwa ya ce.

"Babba ke farawa, Kawu," na ce, ban iya kallon idonsa ba.

Ya yi tsaki, ya kwance cokalinsa daga bayan keke. Ya kwaɓa siminti cikin ƙwarewa, ya ɗauki bulon, kuma ko tunani bai yi ba ya tura shi cikin durom. Bulon ya taso. Ya danne shi da tafin hannu yana jira kumfar iska ta daina fita, sannan ya ɗora shi, ya shafa yaɓe sau biyu.

Abdulmutallib ya jera nasa a bushe. Levi ma haka.

Na sa Levi ya maimaita wa jama'a abin da ya gaya mini, ya kuma ba Mai Unguwa jiƙaƙƙe da busasshe ya karce da farcensa. Na ce, "Ɗanyen bulo aka ɗauka, aka ƙara tsoma shi a ruwa, aka yi kwana uku ana ba shi ruwa. Da ya bushe ya tsuke, ya zana ƙofar da aka shiga. Tsoffin kuma aka jefa a dam ana zaton za su nutse."

"To sai me?" Kawu Shitu ya ce da ƙarfi. "Kowane magini na gaskiya yana jiƙa bulo! Je ka Malumfashi, je ka Funtua, ka kamo su duka!"

"Gaskiya ne, Kawu. Ara mini cokalinka."

Ya miƙo. A bakin cokalin akwai wata 'yar ɓalla, ba ta kai ƙwayar gero ba. Na ɗauko ɓallin yaɓen da ya faɗo daga ramin, na kankare farar ƙasar a hankali, na kara shi kusa da sabon yaɓen da ya shafa yanzu. Layi ɗaya a nan, layi ɗaya a can. Na ɗora bakin cokalin, ɓallar ta zauna cikin layin daram.

"Akwai shi a ɗakina," na ce. "Akwai shi a zaurenka, ranka ya daɗe, da wurin alwala na masallaci. Duk wanda Kawu ya yi wa gini ya je ya duba bangonsa."

Kawu Shitu ya karɓi cokalinsa, ya goge shi da gefen riga.

"Shekara talatin ina gini a garin nan," ya ce. "Matan nan, ɗakunan da aka kai su ni na gina. Da suka tashi yin sito suka tsallake ni suka kira yaro mai kumfa. Na ce bari in nuna musu abin da suka saya, bangon da zarto ke yankawa kamar rogo. Masararku tana kangon da nake ginawa a hanyar Gozaki, ko buhu ɗaya ban kwance ba."

Inna Tasalla ta taso ta tsaya gabansa. Kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Shitu, bango ka so kunyatawa, na ji. To ranar Talata wa ya ce makulli? Da yau ka tsaya da kekenka kana kallo su kifa mini buhu?"

Ya sunkuyar da kai.

Isah ya matso yana buɗe bakin buhu, samari suka fara ihu. Inna Tasalla ta fizge buhun daga hannunsa, ta fizge na biyun ma.

"Kwana uku ina kwana da buhun nan a raina, na san nauyinsa. Ba za a kifa wa kowa shi a ƙofar sitona ba. Ku kai shi wurin hukuma a Malumfashi da hularsa a kansa."

"Inna, al'adar gari ce," in ji Isah.

"Al'adar da saura kaɗan ta ci ni? Kai dai tunda kana son ɗaukar buhu, ga hanyar Gozaki can. Goma sha biyu ne, kuma ina ƙirgawa."

Mata suka yi guɗa. Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya ce to haka za a yi, sannan ya juya ga Levi ya ce a toshe ramin yau kafin dare.

"Busassun da suka rage an riga an sayar, ranka ya daɗe. Na cikin rumfa sai nan da kwana tara."

"Kwana tara sito a buɗe?"

"Ko awa ɗaya ba zan rage ba. Kun ga abin da gaggawa ta zana."

Inna Tasalla ta shimfiɗa buhunan nan biyu a bakin ramin, ta zauna a kai, ta miƙe ƙafa. Ta laluba bakin zanenta ta ƙara wa makullin ƙulli ɗaya.

"Ku bar shi ya bushe," ta ce. "Ina nan."